Sifilin Unguwar Ɗinya

A Kazaure, in ka bi titin da ya raɓi duwatsu ka wuce inda 'yan adaidaita sahu ke tsayawa, akwai wani ɗan ofis na wata ƙungiya mai taimakon manoma. Ɗaki biyu ne da falo, amma allon da aka kafa a ƙofa ya kusa fin ginin girma. Aikin ofishin guda ɗaya ne, wato tattara yawan ruwan saman da ya sauka a ƙauyuka ashirin da huɗu na Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa. A kowane ƙauye an ba mutum ɗaya ma'aunin roba mai cin milimita ɗari. Kullum da safe sai ya duba inda ruwa ya tsaya, ya turo adadin ta saƙon waya.

Shugaban ofishin sunansa Jamaluddeen, amma ba ya amsawa sai an ce Injiniya, alhali ko facin keke bai taɓa yi ba. Ya taɓa zuwa wata bita ta kwana uku a Abuja, aka rataya masa kati a wuya, shekara biyu ke nan bai cire ba. Shi ne mai sa hannu da tarbar baƙi da hura hanci. Aikin kuwa Zaituna ce mai yin sa.

Zaituna ta karanta kwamfuta a nan Kazaure, kuma ta iya. Saƙonnin masu awo sukan taru a wani fayil da ake kira XML, wanda in ka buɗe shi sai ka ga alamomi barkatai kamar an watsa wa kaji tsaba. Ita ta rubuta wani fayil ɗin na XSLT mai kwashe wannan tarkace ya jera shi a jadawali. A cikinsa akwai wani layi, format-number, da ke faɗa wa na'ura yadda za ta fito da kowane adadi: lamba nawa za ta bari bayan ɗigo, ina za ta sa waƙafi. Tun ranar da tsautsayi ya sa ta nuna wa Injiniya wannan layi, ya mayar da shi gonarsa ta gado. Yau ya ce a sa lamba biyu bayan ɗigo, gobe ya ce ɗaya ta fi tsari. Akwai ranar da ya kafe sai an sa waƙafi a dukkan adadi mai tsawo, don haka ake yi a manyan wurare. Aka sa. Lambobin wayar masu awo suka fito babu sifilin farko, kowacce ta zama biliyan takwas da wani abu, aka kwana biyu ba a iya kiran kowa ba. Ya ce matsalar sabis ce.

Cikin masu awon nan ashirin da huɗu, mutum ɗaya ne Zaituna ba ta taɓa shakkar adadinsa ba, shi ne Malam Falalu na Unguwar Ɗinya, can bayan Gwiwa. Tsohon malamin firamare ne, ya haura saba'in. Tun kafin a san za a buɗe wannan ofis yake auna ruwa da gwangwanin madara da rula, yana rubutawa a littafi. Ba don albashi yake yi ba, babu shi ma. Da aka kawo masa ma'aunin roba sai da ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki, kuma har gobe in manoman ƙauyen suna gardamar ko shuka ta yi, wurinsa suke zuwa, don kowa ya san ba ya rubuta abin da idonsa bai gani ba. Wannan shaida da wannan ma'auni su ne abin da ya rage masa tun da ya ajiye alli. Ita kanta Zaituna, in ta ga adadin wani ƙauye yana da alamar ƙarya, da na Malam Falalu take gwadawa.

Ranar sha bakwai ga Agusta aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya a gefen Gwiwa. Washegari saƙonni suka yi ta shigowa, wannan tamanin da takwas, wancan casa'in da huɗu. Na Malam Falalu ya zo ƙarfe bakwai daidai kamar kullum, sai dai ba adadi ba ne. Cewa ya yi: "Ya cika ya tumbatsa. Ban san adadin ba."

Na'ura ba ta san tumbatsa ba. Da ta zo gurbin Unguwar Ɗinya ta tarar da magana, sai ta rubuta NaN, wato yadda take cewa abin da aka ba ta ba adadi ba ne. Da ma akan sami irin wannan jefi-jefi a shafukan baya, Injiniya bai taɓa gani ba don ba ya wuce shafin farko. Wannan karon a shafin farko ya faɗo.

"Zaituna! Wace ƙazanta ce wannan?"

Ta taso ta yi masa bayani dalla-dalla, har ta nuna masa saƙon a waya. Ko kallo bai yi ba.

"Ranar Alhamis baƙi za su zo daga Dutse. So kike su ga wannan su ce ba mu san aiki ba? A goge."

"Ranka ya daɗe, akwai wurin da ake faɗa wa na'urar abin da za ta rubuta a madadinsa. Sai in sa ta rubuta 'babu adadi'."

"Babu adadi? A cikin jadawalin adadi?" Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Ke dai da sauranki. Abin da babu ai sifili ne, ko ɗan aji ɗaya ya san wannan. Sa sifili, da ɗigo da wani sifilin, ya yi daidai da 'yan'uwansa."

"Amma ai an yi ruwan, ranka ya daɗe."

"Na tambaye ki?"

Iyakar gardamarta ke nan. Ta koma kujerarta, ta buɗe fayil ɗin, ta je wurin nan da ta faɗa masa, inda aka rubuta decimal-format, ta sa 0.0 a gaban NaN. Aikin bai kai minti ɗaya ba. Jadawali ya fito tas, adadi a ƙarƙashin adadi, kowane ɗigo a saitin ɗan'uwansa. Injiniya ya ɗaga takardar sama yana jinjina kai kamar shi ya saƙa ta. Ita kuwa ta ce wa ranta ai gurbi ɗaya ne, in baƙi sun tafi za ta mayar.

Cikin baƙin akwai wata mata, Hajiya Bahijja, irin mutanen nan masu karanta takarda in an ba su. Injiniya yana tsakiyar zuba Turanci, kati na lilo a ƙirjinsa, ta ɗaga biro.

"Injiniya, ɗan dakata. Ranar sha bakwai ba ita ce ruwa ya cinye kwalbatin hanyar Unguwar Ɗinya ba? Mu muka je jaje. Ga maƙwabtansu da casa'in da huɗu, su kuma ko ɗigo? Yaya aka yi haka?"

Zaituna tana zaune gefen majigi a falon. Ta zuba wa Injiniya ido tana jiran ya tuna. Ko ya manta ne ko ya yi fuska, Allah kaɗai ya sani, amma ko ƙiftawa bai yi ba.

"Hajiya, kin taɓo inda yake mini ciwo. Wani tsoho ne muka ba aikin don tausayi. Ruwa ya hana shi fitowa, ya kwanta a ɗaki ya turo mana sifili. Na daɗe ina zargin sa. Jibi da kaina zan je in karɓe ma'aunin in ba mai jini a jika."

Hajiya Bahijja ta juyo wajen Zaituna. "Haka ne, 'yammata?"

Kalma uku za ta faɗa a wuce wurin. Ta tuna wata goma sha huɗu da ta yi a gida tana neman aiki kafin ta sami wannan kujera, ta kalli idon Injiniya da ya kafa mata. Sai ta sunkuya tana gyara wayar majigi wadda babu abin da ya same ta. Hajiya ta ɗauka amsa ke nan, aka wuce shafi na gaba.

Ran Asabar suka kama hanya da motar ofis. Daga Gwiwa aka sauka daga kwalta, a bakin karyayyen kwalbatin nan dole suka bar motar suka taka. Injiniya ya tattare wando yana tsallake laka yana tsaki, bai ga komai a jikin wannan rami da zai sa shi tunani ba. Zaituna na biye da shi da jakar kwamfuta, tana ta shirya maganar da za ta yi in sun isa. Ta shirya ta tsaf, har da inda za ta numfasa.

Sun tarar da Malam Falalu a ƙofar gida kan tabarma yana gyaran ƙotar fartanya. Ya miƙe da murnarsa, ya leƙa zaure ya ce wa maiɗakinsa Kaltume a kawo wa baƙi fura. Ga ma'aunin can a fili cikin shingensa na ƙaya, an share kewayensa fes. Kafin a gama gaisawa mutane sun fara taruwa, don ba kullum ake ganin mai kati a wuya a Unguwar Ɗinya ba. Da mai hankali ne, da ya ja tsohon gefe. Injiniya jira ya yi sai da taron ya yi kauri, sannan ya zaro takarda.

"Malam, mun ba ka amana ka ci. Duba nan. Ranar da ruwa ya karya muku kwalbati, kai sifili ka turo mana. Ka kunyata mu gaban manya. Ma'auninmu muka zo ɗauka."

Malam Falalu ya sa tabarau, ya bi layin da yatsa har ya kai ga sunan ƙauyensa. Ya daɗe yana kallon 0.0 ɗin nan.

"Yallaɓai, ban rubuta haka ba."

Ya shiga gida ya fito da littafinsa, mai bango na ledar buhu, ya buɗe ranar. Ga rubutun nan da jan biro, irin na malaman da: ya cika ya tumbatsa, ban san adadin ba. A ƙasa har ya ƙara cewa da asuba ya fita cikin ruwan don ya juye ya sake kafawa, ya tarar aikin gama ya gama.

"Littafi kowa na iya cika shi da yamma," in ji Injiniya. "Na'ura ba ta ƙarya."

Aka fara ƙananan maganganu a bayan taro. Wani ya ce ai Malam ba ya haka, wani ya ce to amma ga takarda daga ofis. Tsohon ya ji su duka. Sai ya juyo ga Zaituna, ba da fushi ba, da irin kallon da malami ke yi wa ɗalibin da ya tabbata ya san amsa.

"'Yata, ke ce mai kula da na'urar. Saƙona bai iso ba ne?"

"Ya iso, Baba."

"To me ya ce?"

Maganar da ta shirya tun daga bakin kwalbati tana nan a bakinta. Kwamfutar tana rataye a kafaɗarta, layin nan na ciki, buɗewa kawai za ta yi. Abin da ya fito shi ne: "Baba, ita na'urar ba ta gane magana. Adadi kawai take karantawa."

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, kuma wannan ne ya sa ta fi jin ƙyamar kanta. Injiniya ya cafke tun kafin ta rufe baki.

"Ka ji ko? An ce ka turo adadi, kai ka zauna kana rubuta mana wasiƙa. Ka rikita mana na'ura. Laifin wa ke nan?"

Ko a jikinsa cewa zargin ya sauya daga ƙarya zuwa wasiƙa. Ya nufi shingen ƙaya zai tuge ma'aunin. Mai unguwa ya sha gabansa yana a yi haƙuri, liman ya sa baki, Inna Kaltume na tsaye a bakin zaure da ƙwaryar fura ba wanda ya karɓa. Malam Falalu ya dubi ma'aunin, ya dubi jama'ar da shekara da shekaru suke zuwa tambayar sa ko shuka ta yi. Sai ya cire tabarau ya rage tsawo a gaban yaron da bai kai ɗansa na fari ba.

"Na yi kuskure, yallaɓai. Tsufa ne. A yi mini afuwa, a bar mini shi."

Abin da Injiniya ya zo nema ke nan, don da ma bai san wanda zai ba ma'aunin ba. Ya gyara kati, ya ce saboda darajar mai unguwa ya haƙura, amma daga yau adadi kawai, ko wane irin ruwa aka yi. Ya sha furar ma, har ya ce ta ji nono. A hanyar komawa yana ta ba direba labarin yadda ake tafiyar da mutanen ƙauye. Zaituna kuwa har Kazaure kunya ce ta cika ta, ta rasa inda za ta sa kanta.

Ran Litinin Injiniya ya tafi wata bitar. Jarumtar da ta gagari Zaituna a gaban mutane sai ga ta ta zo da ofis ya zama ba kowa. Ta buɗe fayil ɗin ta goge 0.0 ta rubuta "babu adadi". Nan take sifili talatin da bakwai suka kwaɓe riga suka koma "babu adadi" a jadawalin daminar, yawancinsu daga wani ƙauyen Roni inda ɗan ƙanwar Injiniya ke riƙe da ma'auni, wanda in ya tashi turo saƙo sai ya ce "kamar jiya" ko ya turo barka da Juma'a. Na Malam Falalu ɗaya ne tak a shekara uku. Ba ta tsaya nan ba, ta ƙara wani gurbi a gefe, ta yadda duk wanda ya turo magana, maganarsa za ta fito yadda ya rubuta ta. Ta kalli kalmomin tsohon sun bayyana a saitin sha bakwai ga Agusta, ta ji ɗan sanyi a ranta. Da Injiniya ya dawo bai lura ba, don watan ya wuce, abin ya koma shafi na huɗu. Ta yi niyyar kiran Malam ta faɗa masa, ta ɗauki waya sau biyu ta ajiye, don in ta fara bayanin gyara sai ta faɗi wanda ya ɓata.

Tsakiyar Satumba aka sake yin wani ruwan a gefen Gwiwa, wanda ya fi na farko. Tun kafin ta iso ofis ta ji labari a bakin mai adaidaita. Ta zauna ta buɗe kwamfuta tana ɗoki, yau gurbin da ta gina zai yi aikinsa. Ƙarfe bakwai daidai saƙon Unguwar Ɗinya ya shigo. An rubuta 96.5.

Ta daɗe tana kallon sa, sannan ta kira.

"Baba, ina kwana? Yaya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara, 'yata. Katangar bayan gida ce kawai ta zauna."

"Baba, na ga saƙonka. Ashe bai tumbatsa ba wannan karon?"

"Ya tumbatsa mana. Iska ma ta kayar da shi, a kwance na tsince shi cikin laka."

"To ina ka sami casa'in da shida da rabi?"

"Na kira mai awon ƙauyen gaba, ya ce nasa casa'in da takwas. Sai na rage kaɗan, na sa rabi don ya yi kama da na gaske. Na'urar taku ta karɓa?"

"Ta karɓa, Baba."

"To alhamdu lillahi."

Sai a lokacin maganar ta ɓalle mata, wata guda bayan lokacinta. Ta faɗa masa komai, da umarnin da aka ba ta, da layin da ta taɓa da hannunta, da shirun da ta yi a falo da wanda ta yi a ƙofar gidansa. Ta ce yanzu ta gyara, ya rubuta duk abin da idonsa ya gani, zai fito. Ya saurare ta har ta gama, tana jin kukan awaki ta cikin wayar.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Amma a bar shi haka. Ba na so a sake tara mini jama'a."

"To ko a littafinka ka rubuta gaskiyar, Baba."

"A littafin ma haka na sa, casa'in da shida da rabi. Kada wata rana a zo a ga sun saɓa."

Suka yi sallama. Can wajen ƙarfe goma Injiniya ya shigo, ya tsaya a bayanta yana duba shafin farko, ya sa yatsa a saitin Unguwar Ɗinya.

"Kin gani ko? Tsohon nan ya gyaru. Da ma ɗan jan kunne yake buƙata. Buga mini kwafi biyu."

Ta buga masa. Da rana adadin wani ƙauyen Ɓaɓura ya shigo da alamar ƙarya, hannunta ya tafi da kansa zuwa layin Malam Falalu don ta gwada, kamar yadda ta saba shekara uku. Ta tsaya da yatsa a kan layin, sannan ta janye hannun ta bar adadin ya wuce.